Kalmar “Stress”: Ma'anoninta da Yadda Ake Amfani da Ita

Stress kalmar Turanci ce da ta shiga bakin Hausawa ta hanyar makaranta da asibiti da wuraren aiki, har ta kai ana jin ta a tsakiyar zancen Hausa tsantsa. Da yake Hausa ba ta fara kalma da sautukan baƙaƙe a jere ba tare da wasali a tsakaninsu ba, jama'a da yawa kan furta ta sitires, kamar yadda aka yi wa sitiyari da burodi da tirela. Ma'aikaci yakan ce aikinsa akwai sitires, ɗaliba takan ce jarrabawa ta jefa ta cikin sitires, mai kiwon kaji kuma yakan je shagon magungunan dabbobi neman maganin sitires.

A Turancin kanta kalmar tana da ma'anoni masu yawa, kuma kowane fanni da irin tasa. Injiniya da likita da malamin harshe da ɗan jarida duk suna amfani da ita, amma kowannensu abin da yake nufi daban ne. Abin da ya haɗa ma'anonin shi ne tunanin wani ƙarfi da ke danne abu ko yake jan sa. Babu kalma guda a Hausa da ta tattare su duka, don haka mai fassara da mai sauraro suna bukatar sanin wace ma'ana ake nufi kafin su zaɓi kalmar da ta dace.

Asalin kalmar

Kalmar ta fara bayyana a rubuce-rubucen Turanci wajen shekarar 1300, da ma'anar wahala ko tsanani ko tilas. Masana tarihin kalmomi sun danganta ta da distress, wadda ke nufin ƙunci, da kuma wata tsohuwar kalmar Faransanci mai ma'anar matsatsi. Tushensu duka shi ne kalmar Latin stringere, wato ɗaure tamau ko matsewa. Daga wannan tushe ne Turanci ya samu strict, mai tsanani, da restrict, taƙaitawa. A ƙarni na 18 aka fara amfani da stress wajen nufin ba wa magana ko gaɓar kalma ƙarfi. A ƙarni na 19 injiniyoyi suka mayar da ita kalmar fanninsu, sannan a ƙarni na 20 likitoci suka aro ta daga hannun injiniyoyi.

A wajen injiniyoyi

A kimiyyar gini da ƙere-ƙere, stress shi ne ƙarfin da ke aiki a cikin jikin abu yayin da aka ɗora masa nauyi ko aka ja shi. Ana lissafa shi ta hanyar raba yawan ƙarfin da faɗin wurin da yake aiki a kansa. Igiyar guga misali ce mai sauƙi. Idan aka ɗaura guga cike da ruwa a siririyar igiya, kowane zare nata yana ɗaukar kaso mai yawa na nauyin, kuma tana iya tsinkewa. Idan aka ɗaura gugan nan a kakkaurar igiya, nauyin bai canza ba, amma ya rarrabu a kan zaruruwa masu yawa. Ma'aunin da ake amfani da shi ana kiransa faskal, sunan masanin lissafin Faransa Blaise Pascal.

Baturen Ingila Robert Hooke ya wallafa a 1678 cewa abu mai talewa yana miƙewa daidai gwargwadon ƙarfin da aka ja shi da shi, muddin ba a wuce iyakarsa ba. A farkon shekarun 1820 Bafaranshe Augustin-Louis Cauchy ya tsara lissafin da ake bi har yau wajen auna wannan ƙarfi na cikin abu. Injiniyoyi sun bambanta shi da strain, wato gwargwadon yadda abin ya miƙe ko ya lanƙwashe sakamakon ƙarfin.

Nau'o'insa uku ne manya: na ja, kamar wanda ke kan igiya, na dannewa, kamar wanda ke kan ginshiƙi, da na gocewa, kamar wanda almakashi ke yi wa ƙyalle. Kankare yana jure dannewa ƙwarai, amma jurewarsa ga ja ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Dalilin sa rodi a cikin rufin kankare da gadoji ke nan, domin ƙarfe ya ɗauki jan. Wanda ya rage rodi don ya rage kuɗin gini ya bar kankaren da aikin da ba zai iya ba.

Magina na gargajiya a ƙasar Hausa sun san wannan ta hanyar aiki. Sun san iyakar tazarar da azara za ta iya tsallakawa ba tare da ta karye ba, shi ya sa idan ɗaki ya yi faɗi suke kafa ginshiƙi ko su yi bakan gizo domin nauyin rufi ya sauka a kan bango. Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, yana cikin fitattun misalan wannan fasaha.

Ƙarfe ma yana gajiya. Idan aka yi ta lanƙwasa waya gaba da baya, a ƙarshe takan karye ko da ba a sa mata ƙarfi mai yawa ba. A 1954 jirage biyu samfurin Comet, wanda shi ne jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya, suka tarwatse a sararin sama kusa da gaɓar tekun Italiya. Bincike ya gano cewa hauhawa da saukar matsin iska a kowace tafiya ne suka haifar da ƙananan tsagu a kusurwoyin kafofin da aka yanka a jikin jirgin, tsagun suka yi ta girma har jikin ya yage. A wannan fanni kalmomin Hausa da suka fi dacewa su ne matsi da nauyi da ƙarfin ja. Damuwa ba ta da wuri a nan.

A wajen likitoci

A 1915 masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana yadda jikin dabba ke shirin faɗa ko gudu idan ta ga haɗari. Ƙwaƙwalwa takan aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙodoji, su kuma su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya ƙaru, suga ya kwararo cikin jini, narkar da abinci ta ja baya, baki ya bushe, gumi ya keto. Daga baya wani sinadarin mai suna kotisol yakan biyo baya domin jiki ya ci gaba da samun kuzari. Duk wanda ya taɓa yin kiciɓis da maciji a gona ya san wannan hali.

Wanda ya fi kowa yaɗa kalmar a fannin lafiya shi ne Hans Selye, wanda aka haifa a Biyana a 1907 ya kuma rasu a Montreal ta Kanada a 1982. Yana aiki a Jami'ar McGill ya lura cewa ɓerayen da yake gwaji a kansu suna nuna alamomi iri ɗaya ko da abin da aka yi musu ya bambanta, sanyi ne ko rauni ko guba ko gudun tilas. Halittun saman ƙodarsu sukan kumbura, sassan garkuwar jikinsu su tsuke, gyambo ya fito a cikinsu. Ya wallafa wannan a mujallar Nature a 1936, daga baya ya sa wa lamarin suna stress, littafinsa na 1956 kuma ya kai kalmar ga gama-garin jama'a.

Selye ya kasa lamarin mataki uku. Na farko shi ne na firgita, lokacin da jiki ya tashi tsaye. Na biyu shi ne na jurewa, lokacin da jiki ke ƙoƙarin sabawa da halin da ya samu kansa. Na uku shi ne na ƙarewar ƙarfi, lokacin da tura ta kai bango. Tsarin da aka halitta domin ya yi aiki na 'yan mintoci, idan ya zauna a kunne watanni, yakan taɓa barci da cin abinci da garkuwar jiki, kuma yana daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin hawan jini da ciwon zuciya.

Aron da Selye ya yi daga injiniyoyi ya bar ɗan ruɗani. A wajensu stress shi ne ƙarfin da ke danne abu, a wajensa kuwa martanin da jiki ke mayarwa ne. Don ya raba su sai ya ƙirƙiro stressor domin abin da ke haddasa matsin. Har yau mutane suna amfani da kalmar a ɓangarorin biyu. Wanda ya ce aikinsa sitires ne yana nufin sanadi, wanda ya ce sitires na damunsa yana nufin sakamako. A 1974 Selye ya ƙara bayyana cewa akwai matsi mai amfani, irin wanda ke sa ɗalibi ya dage da karatu ko ɗan kokawa ya tattaro ƙarfinsa kafin ya shiga fili.

A wajen masana halayyar ɗan Adam

A 1967 likitocin ƙwaƙwalwa biyu na Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka fitar da jerin al'amuran rayuwa 43, kowanne da makinsa gwargwadon yadda yake girgiza mutum. Rasuwar miji ko mata ta samu maki 100, mutuwar aure 73, kora daga aiki 47. Aure, wanda abin farin ciki ne, ya samu maki 50, domin shi ma yana tilasta wa mutum sauya tsarin rayuwarsa. An gina jerin a kan rayuwar Amurkawa, amma duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗawainiyar biki, daga kayan lefe zuwa kayan ɗaki, zai gane dalilin da ya sa aure ya shiga ciki.

A 1984 Richard Lazarus da Susan Folkman suka nuna cewa lamarin bai tsaya ga abin da ya faru kaɗai ba. Ya danganta da yadda mutum ya auna shi, da kuma yadda ya auna abin da yake da shi na tunkararsa. Bashin naira dubu hamsin zai hana wani barci, wani kuwa ko a jikinsa, domin ya san inda zai samo. A kan wannan fahimta Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayyana stress a matsayin halin damuwa ko takurar tunani da mawuyacin yanayi ke haifarwa, tana kuma ɗaukar sa martani na ɗabi'a da kowa ke fuskanta.

Akwai matakan da suka wuce na yau da kullum. Wanda ya tsira daga yaƙi ko hari ko garkuwa ko mummunan haɗari yana iya shafe watanni yana mafarkin abin, yana zabura da ƙaramin motsi, yana guje wa duk abin da zai tuna masa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sanya wannan larura a kundinsu a 1980, ana kuma taƙaita sunanta da PTSD. Harafin S da ke ciki stress yake wakilta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ƙarfi a wurin aiki a matsayin sakamakon doguwar takurar aiki da ba a magance ba, mai alamomi uku: ƙarewar kuzari, ƙosawa da aikin, da raguwar ƙwazo. Hukumar ta lissafa shi a matsayin matsalar wurin aiki, ba ta sanya shi a sahun cututtuka ba.

Nijeriya ma tana da gurbi a wannan tarihi. A 1960 likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada Raymond Prince ya rubuta bayani a kan wata larura da ya gani a tsakanin ɗaliban ƙasar, wadda su da kansu suke kira gajiyar ƙwaƙwalwa da Turanci. Sukan yi kukan zafi ko tafiyar wani abu a ka da wuya, da dushewar gani, da kasa fahimtar abin da suke karantawa. Wannan ya nuna cewa mutane da yawa sukan bayyana takurar zuciya ta hanyar ciwon jiki, abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa jiki magayi.

A ilimin harshe

A wajen malamin Turanci, stress shi ne ƙarfin da ake ba wa wata gaɓa fiye da sauran a cikin kalma. Gaɓar da aka ƙarfafa takan fi ƙara da tsawo da ɗaguwar murya. Sauya wurin ƙarfin yana iya sauya ma'ana. Kalmomi irin su record da present da export, idan aka ƙarfafa gaɓar farko suna ne, idan aka ƙarfafa ta biyu aikatau ne. Wannan darasi yana fitowa a sashen furuci na jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO.

Abin da ya sa yake ba ɗalibai Hausawa wuya shi ne Hausa da wasu dabaru take bambanta kalmomi, wato karin sauti da tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, amma a ta farko murya tana sama a gaɓoɓin biyu, a ta biyu kuma takan sauka a gaɓar ƙarshe. Gari na mazauni da gari na tuwo sun bambanta ne a tsawon wasalin farko. Kunnen da ya saba da wannan tsari yana bukatar horo kafin ya kama na Turanci.

Haka kuma a cikin jimla. Bature yakan ɗaga murya a kan kalmar da yake son a lura da ita ba tare da ya motsa ta daga wurinta ba. Bahaushe kuwa yakan jawo ta gaba ya bi ta da “ne” ko “ce”. “Audu ne ya sayi keken” amsa ce ga mai tambayar wanda ya saya. “Keken ne Audu ya saya” amsa ce ga mai tambayar abin da aka saya. “Jiya ne Audu ya sayi keken” tana jan hankali ga lokaci. A nan stress ana iya kiransa ƙarfin furuci ko ƙarfafawa.

A cikin labarai

Ma'anar da ta fi yawa a rahotannin gwamnati da jawaban shugabanni ita ce ta aikatau. Idan rahoton Turanci ya ce minista stressed muhimmancin rigakafi, abin da ake nufi shi ne ya jaddada shi. Hausa tana da zaɓi a nan. Jaddada tana nuna ba wa magana ƙarfi, nanata tana nuna maimaita ta, jan hankali kuma yana nuna nusar da masu sauraro. Amma idan aka ce mutum is stressed, ma'anar ta koma ta lafiya, wato yana cikin matsi. Siffar kalmar ɗaya ce a wuraren biyu, ginin jimlar ne ya raba su. Mai fassara da ke gaggawa, ko manhajar fassara, na iya mayar da ministan da ya jaddada magana ya zama ministan da ke cikin damuwa.

A banki da asibiti da gona

Gwajin juriya, wanda Turawa ke kira stress test, yana da tushe ɗaya a ko'ina: a ɗora wa abu nauyi da gangan a ga inda zai gaza. A asibiti akan sa mutum tafiya ko gudu a kan na'ura yayin da ake duba bugun zuciyarsa, domin wasu matsalolin zuciya ba sa bayyana sai tana aiki tuƙuru. A harkar kuɗi akan ƙaddara mummunan yanayi, kamar faɗuwar darajar kuɗi ko kasawar manyan masu cin bashi, a lissafa ko jarin banki zai ɗauka. A 2009, bayan rikicin kuɗi na duniya, hukumomin Amurka sun yi wa manyan bankuna 19 irin wannan gwaji, suka umarci 10 daga ciki su ƙara jari. Babban Bankin Nijeriya ma yana yin sa, yana kuma bayyana sakamakon a rahotonsa na lafiyar harkar kuɗi.

Likitocin ƙashi suna da karayar da suke dangantawa da kalmar, wato siririyar tsaga da ke fitowa a ƙashin ƙafa saboda yawan gudu ko tattaki, wadda aka fi gani a tsakanin sojoji masu horo da 'yan wasa. Ita ce takwarar gajiyar ƙarfe a jikin mutum.

A fannin noma ana amfani da kalmar ga tsirrai da dabbobi. Masarar da ta naɗe ganye da tsakar rana a lokacin fari tana cikin matsin ƙarancin ruwa, kuma idan hakan ya same ta lokacin fitar bunu, amfanin gona yakan ragu ƙwarai. Kaza ba ta gumi, don haka a zafin watannin Maris zuwa Mayu takan buɗe baki tana haki, ta rage cin abinci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. Abin da masu kiwo ke kira maganin sitires haɗin bitamin ne da gishirin jiki da ake zuba wa kaji a ruwan sha bayan doguwar tafiya ko rigakafi ko tsananin zafi.

Masana albarkatun ruwa kuma suna da nasu ma'auni. A 1989 masaniya 'yar Suwidin Malin Falkenmark ta tsara cewa ƙasar da rabon kowane mutum a cikinta ya gaza mita 1,700 na ruwa a ma'aunin murabba'i mai zurfi a shekara ta shiga matsin ruwa, idan kuma ya gaza 1,000 ta shiga ƙarancinsa.

A bakin jama'a

A Turancin Nijeriya da Burokan kalmar ta ƙara faɗi. Mutum yakan kira cunkoson motoci a Legas ko layin mai ko zirga-zirgar neman takarda a ofis da sunan stress, alhali abin da yake nufi shi ne wahala da ɓata lokaci. No stress na nufin ba komai ko ba damuwa. No stress me na nufin kada ka dame ni. Masu talla kuma sukan yi alkawarin hidimar da babu stress a cikinta, wato ba tare da shan wahala ba. Wannan ma'ana ce ta fi shigowa Hausar birane, inda ake jin matasa suna cewa tafiyar akwai sitires ko kada ka sa wa kanka sitires.

Hausa ba ta rasa hanyar faɗin waɗannan abubuwa ba tun asali, har ma a gaisuwa ta tanade su. Ana tambayar baƙo ina gajiya, ana yi wa mai hidima sannu da ɗawainiya, ana tambayar wanda aka yi wa rasuwa yaya haƙuri. Kalmar wahala ma ta tsallaka zuwa Burokan da wasu harsunan ƙasar. Kowace daga cikin kalmomin Hausa tana nuna wani ɓangare na abin da Turanci ya dunƙule.

Gajiya ta jiki ce, tana zuwa bayan aiki, hutu kuma yana kawar da ita.

Wahala da ɗawainiya suna nuna aikin da ke cin ƙarfi da lokaci, sai dai ɗawainiya ta fi karkata ga hidimar da ake yi wa wasu.

Matsi da matsin lamba da takura daga waje suke zuwa, daga shugaba a wurin aiki ko mai bin bashi ko tsadar rayuwa.

Damuwa a zuciya take zaune, yawan tunani kuma shi ne yadda take cin mai ita.

Fargaba da zullumi suna kallon abin da bai riga ya faru ba, kamar sakamakon jarrabawa ko na gwajin asibiti.

Firgici da tashin hankali na gaggawa ne, ƙunci da baƙin ciki kuwa sukan daɗe.

Inda ruɗani ke jawo illa

Kafofin watsa labarai na Hausa sun saba kiran larurar depression da ciwon damuwa, sannan sukan fassara stress ma da damuwa. Wannan ya sa mutane da yawa suke ɗaukar su abu ɗaya. Matsi na yau da kullum yana da sanadin da ake iya nunawa, kuma yakan lafa idan sanadin ya kau. Ciwon damuwa kuwa larura ce da likitoci ke ganewa idan mutum ya shafe aƙalla mako biyu cikin ƙunci kusan kullum, ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, barcinsa da cin abincinsa suka sauya, yana ganin kansa ba shi da amfani. Tana da magani, kuma cewa mai ita ya yi haƙuri kawai ba ya wadatarwa. Duk wanda tunanin hallaka kansa ya fara zo masa yana bukatar a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Illa ta biyu ita ce yadda kalmar ke rufe wasu cututtuka. Kasala da ciwon kai da jiri da bugun zuciya, waɗanda ake saurin cewa sitires ne, suna iya zama alamun ƙarancin jini ko ciwon suga ko zazzaɓin cizon sauro. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna wata alama, awo ne kaɗai ke bayyana shi, kuma ana ɗaukar 140 bisa 90 ko sama da haka, idan an auna a ranaku daban-daban, a matsayin hawan jini. Gyambon ciki ma an daɗe ana ɗora laifinsa a kan damuwa, har likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancinsa. Binciken ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2005, kuma a yau ana warkar da irin wannan gyambo da magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Illa ta uku ita ce neman sauƙi a inda ba ya nan. Masu shan tiramadol ko kodin ko maganin barci da sunan rage sitires sukan ƙare da larurar da ta fi ta farko. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin saboda yadda shan sa ya yawaita. Abubuwan da likitoci ke ba da shawara a kai ga matsi na yau da kullum sanannu ne: isasshen barci, motsa jiki, cin abinci a kan kari, rage aikin da za a iya ragewa, da tattaunawa da wanda aka amince da shi. Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Ga wanda lamarinsa ya wuce haka, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware ta Jihar Sakkwato da Maiduguri da Yaba a Legas da Aro a Abeokuta, baya ga sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin masu irin wannan larura.

A gaban likita, kalmar sitires kaɗai ba ta isa bayani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da zai taimaka shi ne mara lafiya ya faɗi abin da yake ji dalla-dalla da harshensa: ko barci ne ya ƙaurace masa, ko gabansa ne ke faɗuwa, ko abinci ne ba ya shiga, ko tunani ne ya yi masa yawa, tun yaushe abin ya fara, kuma me ya faru kafin ya fara.